Akawun dala 35: Raspberry Pi da sandunan haƙar Bitcoin a shekarar 2013

A tsakiyar shekarar 2013, wani irin tarkace ya fara bayyana a kan teburan masu sha'awar kwamfuta a Amurka da Turai da Ostareliya. Allon lantarki ne kore, tsirara, girmansa bai wuce katin ATM ba. Waya ta fito daga jikinsa ta shiga wani ɗan akwati mai ramukan USB, inda aka jera wasu ƙarafa biyar ko shida a tsaye, kai ka ce filash ne. A gefe ga ƙaramar fanka tana hura musu iska dare da rana. Babu allon kallo, babu madannai. In ka tsaya ka zura ido, za ka ga kowane ƙarfe yana ƙifta koriyar fitila jefi-jefi. Koren allon shi ne Raspberry Pi, ƙarafan kuwa sunansu Block Erupter, kuma abin da suke yi a haɗe shi ne haƙar Bitcoin.

Kafin a yi nisa, bari a raba gardama, don na san da yawa daga cikinmu da zarar an ce Pi sai hankali ya tafi kan Pi Network, wadda aka shekara da shekaru ana danna ta a waya ana jiran ranar da za ta fashe. Wannan daban, waccan daban, suna ne kawai ya zo ɗaya. Raspberry Pi kwamfuta ce sukutum da ake riƙewa a tafin hannu. Wata gidauniya ce a garin Cambridge na Ingila, ƙarƙashin Eben Upton da abokan aikinsa, ta ƙera ta don yara su koyi rubuta manhaja. Ta shiga kasuwa ranar 29 ga Fabrairun 2012 a kan dala 35. Waɗanda suka yi ta 'yan makaranta suke hange, ba mahaƙa ba.

Wasan canki-canka

Wanda bai san abin da ake haƙowa ba, ba zai gane matsayin Pi a wannan harka ba. Bitcoin kundi ne na cinikayya da ake ƙara masa sabon bulo kusan duk minti 10. Wanda zai ƙara bulon sai ya ci wani wasan canki-canka: ya ɗauki kan bulon, wanda bayit 80 ne kacal, ya sauya wata lamba a cikinsa, ya wuce da shi ta lissafin da ake kira SHA-256 har sau biyu, ya duba ko sakamakon ya faɗo ƙasa da wani mizani. In bai faɗo ba, ya sauya lambar ya sake. Babu dabara, babu gajeriyar hanya, yawan canka ne kawai. Wanda ya dace a wancan lokacin yana samun bitcoin 25, domin ladan ya ragu daga 50 tun ranar 28 ga Nuwamban 2012.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ita ce ƙashin bayan duk wannan labari. Bayan kowane bulo 2016, wato kusan mako biyu, tsarin yana duba saurin da aka yi. In mahaƙa sun ƙaru har bulo yana fitowa kafin minti 10, sai ya ƙara tsaurin wasan. Ladan da ake rabawa a rana ba ya ƙaruwa don mutane sun ƙaru. Tuwon guda ne, hannuwa ne ke yawa.

Da fari da kwamfutar gida ake haƙa. Daga 2010 aka koma katin hoto na masu wasan gem, sannan wasu na'urori da ake kira FPGA. A ƙarshen Janairun 2013 kamfanin Avalon na China ya fara isar da na'urar ASIC, wato ƙwaƙwalwar lantarki da aka ƙera don aiki ɗaya tak, ba ta iya komai a duniya sai wannan cankar. Na'urar Avalon babba ce, mai tsada, kuma ƙalilan aka yi. Talakan mahaƙi yana kallo daga nesa.

Sai wani kamfanin na China, ASICMiner, wanda shugabansa ya shahara da laƙabin friedcat, wato soyayyiyar kyanwa, ya fito da Block Erupter a watan Mayun 2013. Sanda ce 'yar ƙarama da ake soka wa a ramin USB. Tana canka kusan miliyan 333 a sakan ɗaya, tana cin wutar da ba ta wuce wat 2.5 ba. Don a gane girman abin, katin hoto mai ƙarfi na lokacin, irin Radeon HD 7970, yana yin ninki biyu na haka ne kawai, amma da wuta wajen wat 250 da ƙara kamar injin niƙa. Farashin farko na sandar bitcoin 1.99 ne, kuma kamfanin ba ya sayar da ɗai-ɗai sai da yawa, shi ya sa mutane suka riƙa haɗa kuɗi su yi sari su raba.

Matsalar da Pi ta zo ta warware

Sandar ba ta da wayo ko kaɗan. Ba ta san intanet ba, ba ta san Bitcoin ba, ba ta san ma akwai kuɗi a harkar ba. Lebura ce mai ƙarfi: miƙa mata aiki ta yi, ta dawo maka da amsa. Dole a samu wata kwamfuta a kunne awa 24 da za ta karɓo aiki daga intanet, ta raba wa sanduna, ta tattara amsoshi ta mayar. Wato akawu.

Galibi mutane sun fara da kwamfutar tebur da ke gidansu. Nan da nan aka ga rashin dacewar abin. Kwamfutar da ke zaune ba ta komai tana iya shan wat 100, don ta kula da sanduna biyar da gaba ɗayansu wat 12.5 suke ci. Albashin akawu ya ninka na leburori duka har sau takwas. Ga ƙarar fanka cikin dare, ga Windows da kan ga dama ta sabunta kanta ta sake tashi da asuba, mai gida ya farka ya tarar an yi awa biyar ba a haƙa komai ba. Ga kuma iyali da ke son amfani da kwamfutar.

Raspberry Pi samfurin B tana cin wajen wat 3.5, da cajar waya ake kunna ta. Ƙwaƙwalwarta guda ce mai gudun megahaz 700, ma'ajiyar aikinta megabayit 512, tana da ramin USB biyu da ramin wayar intanet. Ko a 2013 wannan rauni ne, wayar hannu mai matsakaicin kuɗi ta fi ta. In ka ce ita da kanta ta yi canka, ko miliyan ɗaya a sakan ba za ta kai ba. To me ya sa ta isa?

Amsar tana cikin wani ɗan lissafi mai daɗi. Lambar da ake sauyawa a kan bulo tana da iyaka, ba ta wuce biliyan 4.29 ba. Sandar da ke canka miliyan 333 a sakan za ta ƙare su kakaf cikin kusan sakan 13. Ke nan aikin akawu shi ne, duk sakan 13, ya tura wa kowace sanda saƙon da bai kai bayit 100 ba, in ta samu wani abu ta dawo masa da bayit 4. Saƙon tes guda ya fi wannan nauyi. Sanduna goma ma ba za su sa Pi gumi ba.

Kuma ba a bukatar ta ajiye kundin Bitcoin. Sanda guda, in ita kaɗai za ta nemi bulo a tsaurin ƙarshen Mayun 2013, a matsakaicin lissafi sai ta shekara kusan biyar kafin ta dace sau ɗaya. Don haka kowa aikin gayya yake shiga: dubban mahaƙa su haɗa ƙarfi ƙarƙashin wata saba guda, wato babbar kwamfuta a intanet, in an ci bulo a raba lada gwargwadon gumin kowa. Gayyar farko ita ce ta Slush, wadda Marek Palatinus ya kafa a Jamhuriyar Czech a ƙarshen 2010, kuma a 2013 BTC Guild na cikin manya. Sabar gayya ce ke riƙe da kundi. Ita Pi karɓowa da miƙawa ne nata. Ƙiftawar koriyar fitilar nan alama ce ta cewa sanda ta samu wata 'yar amsa da za a rubuta mata a matsayin shaidar aiki. In fitilar ta tsaya a kunne ba ta ƙiftawa, to leburan yana zaune, babu wanda ya ba shi aiki.

Manhajar da ta riƙe wannan aiki kyauta take. Mafi shahara ita ce cgminer, wadda Con Kolivas ya rubuta, wani likita a Ostareliya wanda ainihin sana'arsa sa marasa lafiya barci ce a ɗakin tiyata, rubutun manhaja kuwa a lokacin hutunsa yake yi. Akwai kuma BFGMiner ta Luke Dashjr. Ga wanda ba ya son wahalar Linux, wato tushen manhajar da Pi ke aiki da ita, an yi MinePeon: ka sauke ta, ka zuba a katin memori, ka soka a Pi, ka buɗe shafinta daga wata kwamfutar ka rubuta adireshin gayyarka, shi ke nan. Kamfanin Adafruit na birnin New York ma ya fitar da darasin haɗa irin wannan da ɗan allo mai layi biyu da ke nuna saurin canka, ya kira shi PiMiner.

Inda aka sha wuya

A takarda abin sumul. A kan tebur kuwa wuta ce ta fara ba mutane ciwon kai, kuma ba wutar gida ba, wutar USB.

Kowace sanda tana jan rabin amfiya (ma'aunin wutar da na'ura ke ja), wanda shi ne iyakar abin da ƙa'idar USB 2.0 ta yarda rami guda ya bayar. Pi ta farko ba za ta iya ciyar da wannan ba. Allunan farko-farko ma har da 'yan fiyus a bakin ramukan da ke datse wuta tun ba a je ko'ina ba. Dole sai an sayi hob, wato akwatin ramuka mai cajarsa daban. A nan ne mutane da yawa suka yi wa rogo kallon kitse. Sai ka ga hob mai rami bakwai ko goma, amma cajar da ta zo da shi amfiya biyu take bayarwa. Ramuka goma, abincin sanda huɗu. In ka cika shi, ba zai ce maka komai ba. Sai dai sanduna su riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, ko su riƙa dawo da amsoshin banza, ko cajar ta yi zafi har ta mutu. Wanda ya ƙware ba ramuka yake ƙirgawa ba, bayan caja yake juyawa ya karanta.

Wasu hob ɗin masu araha kuma suna mayar da wuta baya ta wayar da ta haɗa su da Pi, har ka zare cajar Pi ka ga ba ta mutu ba. Sababbin hob na USB 3.0, waɗanda su ne suka fi ƙarfin caja, sau da yawa ba sa jituwa da Pi ta wancan zamani. Shi ya sa tsofaffin hob na USB 2.0 masu caja mai kyau, irin D-Link mai rami bakwai, suka yi farin jini ba zato ba tsammani.

Akwai wani aibi da ke cikin ginin Pi ɗin kanta. Ramukan USB biyu da ramin intanet duk ta ƙofa ɗaya suke shiga ƙwaƙwalwarta. In USB ya rikice, intanet ma ya tafi, kuma tunda babu allo babu madannai, ba ka da hanyar shiga ka ga abin da ya faru sai dai ka zare wuta ka mayar. Zare wuta kuwa shi ne babban makashin katin memori. In wutar ta yanke daidai lokacin da ake rubutu a kansa, katin na iya lalacewa, Pi ta ƙi tashi. Masu hankali suna ajiye katin biyu da aka riga aka zuba wa manhaja, kuma suna saita cgminer ta tashi da kanta duk lokacin da wuta ta dawo.

Zafi kuma ba a magana. Wat 2.5 kamar ba komai ba, amma a jikin ƙarfen da bai fi ɗan yatsa ba, yana iya ƙona hannu. In aka jera su kusa da juna babu iska, kurakurai sai su hau. Fankar nan da ke kowane hoto ba ado ba ce.

Duk waɗannan an shawo kansu. Wanda ya samu hob na kirki da fanka da caja mai kyau yakan bar kayansa makonni bai taɓa ba. Ta fuskar injiniya, gwajin ya yi nasara. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba.

Lissafin

Mu ɗauki mutumin da ya sayi sanduna biyar a farashin farko, ya kunna su ranar 1 ga Yunin 2013, wuta ba ta taɓa ɗaukewa ba, gayya ba ta cire masa ko sisi ba. Wato mun ba shi duk wata sa'a.

A ƙarshen Mayu tsaurin haƙa yana wajen miliyan 12. A wannan mataki kowace sanda tana kawo kusan bitcoin 0.014 a rana. Raba 1.99 da wannan, za ka samu kwana 140 da 'yan kai. Wata biyar bai cika ba ka mayar da uwar kuɗi, sauran duk riba. Wannan shi ne lissafin da mutane suka yi a ransu, kuma ba ƙarya ba ne, in da duniya za ta tsaya cik.

Ba ta tsaya ba, domin kamfanin da ya sayar maka yana sayar wa dubban mutane, shi kansa yana haƙa, kuma wasu kamfanonin suna tafe da manyan na'urori. A ƙarshen Yuni tsauri ya kai miliyan 21. A ƙarshen Agusta ya wuce miliyan 65. A watan Oktoba kamfanin KnCMiner na Sweden ya fara isar da na'urarsa Jupiter, wadda guda ɗaya ta fi sanduna 1,000, kuma kafin watan ya ƙare tsauri ya kai miliyan 390. Bitmain ya biyo baya da Antminer S1. Shekarar ta rufe tsauri yana wajen biliyan 1.18. Cikin wata bakwai ya ninka kusan sau 100, abin da sanda ke kawowa a rana ya faɗo daga 0.014 zuwa 0.00014.

In ka bi waɗannan matakai ka tara, sanda guda ta haƙo kusan bitcoin 0.7 daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Disamba. Fiye da rabin wannan a makonni shidan farko ya shigo. Abin da ya biyo bayan Disamba bai kai a ƙirga ba. An ba da 1.99, an karɓi 0.7. Wanda kayansa suka makale a hanya wata guda kuwa, mafi tsokar naman ya riga ya wuce shi. Kamfanin ya yi ta karya farashi a watannin da suka biyo baya, amma tsaurin yana gaba farashin yana binsa a baya.

Abin da ya rufe wa mutane ido shi ne dala. Bitcoin ya buɗe 2013 a wajen dala 13, yana kewayen dala 100 zuwa 130 lokacin da sandunan suka fito, sannan a ƙarshen Nuwamba ya haura dala 1,000. Mutumin da ya kashe kimanin dala 240 a kan sanda, ya ga abin da ta haƙo ya kai dala 700, sai ya ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ya manta cewa da bitcoin ya saye ta. Da ya bar 1.99 ɗinsa a walet ya je ya kwanta, da yana da kusan dala 2,000. A harkar nan wanda ya ci riba ta gaske shi ne mai sayar da sanda, don shi ya karɓi bitcoin a hannu ya miƙa ƙarfen da darajarsa ke zagwanyewa duk mako biyu.

To ina Pi a cikin wannan? A nan ne nake ganin an fi yin kuskuren fahimta. A 2013 matsakaicin kuɗin wutar gida a Amurka yana wajen santi 12 a kan yunit guda. Kwamfutar tebur mai wat 100 tana shan yunit 2.4 a rana, kusan santi 29. Pi tana shan na santi 1. An tsira da santi 28 a rana, wato dala 8 da wani abu a wata. Kuɗi ne, kuma cikin wata biyar ko shida Pi da cajarta da katinta sun fanshi kansu. Amma a watan Yuni, lokacin da sanduna biyar ke kawo dala biyar zuwa takwas a rana, santi 28 ba shi ne zai sa a yi arziki ko a tsiyace ba. Ranar da santi 28 ya zama abin dubawa, to harkar ta riga ta zo gargara.

Ana iya ma auna tsawon ran da ta ƙara. Mai kwamfutar tebur da sanduna biyar yana kashe wajen santi 33 a rana, kuma abin da yake samu ya faɗo ƙasa da haka a wajajen ƙarshen Janairun 2014, da tsauri ya haura biliyan 2. Mai Pi, da hob da fanka da komai, wat 20 ne, santi 6 a rana. Shi ya kai har wajajen Afrilu, da tsauri ya wuce biliyan 6. Wata biyu zuwa uku ke nan, kuma duk abin da ya tara a cikinsu 'yan daloli ne da ba za su sayi wani hob ɗin ba. Akawun ya rage kashe kuɗi iya ƙoƙarinsa, amma asarar tun ranar sayen leburori aka tafka ta. A ƙarshen 2014 tsauri ya kai wajen biliyan 40, sanda ba ta iya biyan ko kuɗin wat 2.5 ɗin da take ci.

Ba zan ce waɗanda suka yi wannan sun yi wauta ba. Da yawansu da sanda ɗaya ko biyu suka shiga, bayan farashi ya faɗi, kuma sun san ba arziki za su yi ba. Abin da suka fita da shi ya fi abin da suka haƙo: sun koyi Linux, sun koyi shiga kwamfuta daga nesa, sun koyi karanta amfiya da bol, sun ga da idonsu yadda Bitcoin ke aiki daga ciki. Wanda nake tausaya wa shi ne wanda ya ga arhar kula da kayan, ya ɗauka ita ce ribar, ya je ya sayi sanduna 50.

Abin da ya rage

Tsarin kansa bai mutu ba, shigewa ciki ya yi. Tun na'urar Avalon ta farko, in ka buɗe ta za ka tarar da 'yar na'urar rarraba intanet ta TP-Link mai araha a ciki, tana gudanar da cgminer. KnCMiner ya sa allon BeagleBone Black, ɗan'uwan Pi a girma da ƙarfi, a cikin Jupiter, Bitmain ma ya yi amfani da shi a Antminer S5. Na'urorin Avalon na baya, irin 721 da 741, Raspberry Pi ce kai tsaye ake haɗa musu, guda ɗaya tana kula da jerin injuna masu cin dubban wat. Duk wata babbar na'urar haƙa da ke ruri a rumbunan Texas ko Kazakistan a yau tana da irin wannan ɗan akawu a cikinta. Shi kuwa ASICMiner bai daɗe ba. Manyan abokan gasa sun shige gabansa, kuma a farkon 2015 aka daina jin ɗuriyar friedcat.

Wani abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Shekaru da yawa, har zuwa 2022, Pi tana zuwa da sunan shiga da kalmar sirri iri ɗaya ga kowa, mutane kuma ba sa sauyawa. A 2017 kamfanin tsaron kwamfuta na Dr.Web ya gano wata muguwar manhaja, Linux.MulDrop.14, da ke yawo a intanet tana neman irin waɗannan, ta shige, ta sauya kalmar sirri, ta sa su haƙa wa wani kuɗin kirifto. Ɓarawon bai damu da raunin Pi ba tunda ba shi ke biyan kuɗin wuta ba.

In wani a Kano ko Kaduna ya ci karo da irin waɗannan sanduna a kasuwar intanet yana tunanin gwadawa, ga yadda lissafin yake da alƙaluman 2024. A watan Afrilun shekarar ladan bulo ya koma 3.125, wato bitcoin 450 ake rabawa a rana, kuma ƙarfin mahaƙan duniya ya kai wajen canka biliyan sau biliyan 600 a sakan. Sanduna biyar ɗin nan sai sun yi kusan kwana takwas kafin su haƙo satoshi guda, wato kashi ɗaya cikin miliyan 100 na bitcoin, wanda a lokacin da ƙyar ya kai naira ɗaya. A watan ne kuma aka mayar da wutar rukunin A a Najeriya naira 225 a kan yunit, ke nan a kwana takwas ɗin an sha wutar sama da naira 800. Ba a ma zo maganar ɗauke wuta da ke cinye katin memori ba, ko zafin bazara, ko ƙurar hunturu a cikin fanka.

Masu sha'awa ba su daina ba, sai dai sun sauya niyya. Kamfanin GekkoScience na Amurka ya ci gaba da ƙera sandunan USB masu sababbin ƙwaƙwalwa tun daga 2015, kuma har yanzu akan soka su a Raspberry Pi. Da yawa daga cikin masu yin haka sun bar aikin gayya na raba lada, sun koma neman bulo su kaɗai ta wata saba da Con Kolivas ɗin nan yake gudanarwa: ko ka ci duka, ko ka tashi a tutar babu. A watan Yulin 2024 wata 'yar na'ura mai suna Bitaxe, da ba ta wuce tafin hannu ba, ta dace ta wannan hanyar ta ci bulo sukutum, ladan da ya haura dala 200,000. Ita Bitaxe ba ta ma bukatar Pi. Akawunta wata 'yar ƙwaƙwalwa ce mai suna ESP32 da aka manna a jikin allon, wadda kuɗinta bai wuce 'yan daloli ba.